Ɓarawon da Ya Ƙi Zuwa

Ƙarfe tara na dare nake karɓar makullai,
sarƙa a ƙugu, tocila a hannu.
Ƙofofi arba'in da takwas a bene na uku,
kowacce da 'yar tagar leƙe
da ba ta kai tafin hannuna ba.

An ce barci ƙanin mutuwa ne.
To, aikina ke nan a gidan yarin Durham:
in haska bargo, in dakata, in tantance
ƙanin ne ya shigo ɗakin nan, ko wan.
Bargo ya ɗaga, ya sauka.
Sai in sa hannu a littafi, in matsa gaba.

Ɗaki na sha bakwai akwai yaro, Callum,
sa'ar ƙanena Tanimu.
Tun daren da ni da Moira muka yanke zanen gadonsa
muka sauko da shi da sauran numfashi,
nakan daɗe a ƙofarsa fiye da yadda doka ta ce.
Yanzu minshari yake yi.
Wallahi har kishinsa nake ji.

Kofi na huɗu ya huce, ya koma ruwan kwata.

Bakwai na safe, bas, yayyafi,
mutane fes da su za su aiki,
ni ko idanu kamar an watsa barkono.
Ladidi ta liƙe taga da baƙar leda,
ta koya wa 'yarmu tafiya da sanɗa,
yarinya 'yar shekara huɗu
ta iya dariya cikin tafin hannu.

Na kwanta. Na juya.
Firji ya yi ƙara, na zabura neman rediyo.
Hannuna na lalube ƙugu, babu sarƙa.
Na rufe ido, ƙofofi suka jeru:
ɗaya, biyu, sha shida,
in na zo sha bakwai sai in koma farko.

Likita ta ce in rage kofi, in rage tunani.
Na farkon na ji.

Kakata takan ce barci ɓarawo ne,
ba ya sallama.
Ni da na kwana ina kulle ɓarayi,
ga shi na bar wa wannan ƙofa a buɗe,
na kashe fitila, na yi lamo,
ya ƙi ya sace ni.

Azahar ta wuce. La'asar ta gota.
Sai da Ladidi ta fara goge min farar riga
na ji shi a bakin gado,
yana cire takalmi.