Hawayen Kwalba

Likita ta ce ƙwayar nan ta san gidan ciwon,
ba ta ɗimuwa a hanya,
huhu za ta, inda dajin ya kafa bukka.
Na ce Allah ya kai ta.
Ta je kuwa, tari ya lafa.
Sai dai a kan hanya
ta ratse ta gaida idanuna.

Sati shida, na tashi da yashi ƙarƙashin fatar ido.
Na wanke, na sake wankewa,
buta ta ƙare, yashin yana nan.

Shekara talatin ina ɗinkin hula a Rafindaɗi,
ban taɓa ce wa wani zura mini zare ba.
Yau kafar allura ta zama biyu,
duk wadda na nufa, ba ita ba ce.
Daga cikin Keke na hangi Gobarau dishi-dishi,
rana na sarana kamar na ci bashinta.

Gashin idona ya yi tsawo, ya murɗe, ya juya ciki.
Hansatu ta leƙo ta katanga:
"Tabawa, amarci za ki koma?"
Na yi dariya.
Ba ta san kowace ƙiftawa ƙaiƙayi ba ce.

Likitan ido ya rage shi da ɗan almakashi,
ya ce in jingine kwalli tukuna,
ya rubuta mini hawaye a takarda.
Ni da na yi kukan uwa kyauta,
na yi na miji har maƙwabta suka gaji,
yau hawaye nake saye a kemis ɗin Ƙofar Soro,
ɗigo biyu, sau huɗu, a girgiza kwalba.

Wani dare na tura ƙwayar ƙarƙashin tabarma,
na kwana ina ciniki da kaina:
ido ko numfashi?
Da safe kunya ta kai ni asibiti, na faɗa.
Likita ba ta yi faɗa ba.
Ta ce ba a raba wannan gado a ɓoye,
ta rage awon maganin, ta ce mu gani.

Muna gani, kaɗan-kaɗan.

Hular Malam Ɗahiru wata uku tana jirana.
Kullum kafin Murja ta tafi boko
takan zura allura goma,
ta kafa su a matashina.
Jiya na ƙarar da bakwai.