Kafin Juma'a

Saƙon ya shigo ran Litinin, an ɗauke wuta a Aboabo.
Na karanta shi a tsaye bakin famfo, bokitina na ambaliya.
Tamale, in ji shi. An ba ki gurbin likitanci, ki biya kafin Juma'a.
Na nemi Kolebu a saman shafin, na nema a ƙasa,
na jujjuya shi kamar mai duba tsutsa a goro.
Babu.
Maki ɗaya ne ya tsaya tsakanina da bakin teku.

Goggo Lantana ta zo da zafinta, ko zama ba ta yi ba.
Ta ce, Azara, suna riga ce,
wadda kika sa yau, da ita za a gan ki har furfura.
Kakanninmu daga arewa suka gangaro da jakai,
ke kuma ki ɗaura kaya ki koma?
Ki jira baɗi. Shekara kwana ce.

Shekara kwana ce ga wanda ya yi barci, Goggo.

Na san Mutawakilu na gidan Alhaji Bawa,
ya ƙi nasa gurbin, ya sake zama, ya samu.
Yanzu in ya zo hutu har liman na matsa masa a sahu.
Na kuma san Fusaina, wadda ta fi shi lissafi.
Sau uku tana sayen fom.
Tana nan a rumfa bakin titi tana tura wa mutane kuɗi ta waya,
littafin sassan jiki a ƙarƙashin benci,
ya sha ruwan sama, ya kumbura.

Baba ya dawo daga Magazin bayan isha,
shekara talatin da ɗaya a ƙarƙashin motocin mutane.
Na tambaye shi yana goge baƙin mai da tsumma.
Ya ce, inji bai taɓa tambayata wa ya koya mini ba.
Na ji sanyi.
Sai ya ƙara da cewa, amma mai motar yakan tambaya.
Ya ja butarsa ya bar ni da duka biyun.

Bari in faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba.
Akwai wata malamar kimiyya a aji biyu
da ta ce 'yan zango iyakarmu tukunyar wake da shinkafa.
Ita nake son ta ji Kolebu.
Ina son kuma in ji yadda zai fito a bakin Inna ranar suna,
a tsakiyar mata, tana gyara mayafi a hankali.
Na lalube wannan buri ciki da waje,
ban tarar da majinyaci ko ɗaya a cikinsa ba.

Ga ƙafar Kaka kuma, kumburin ya kai gwiwa.
Ita ba ta san Kolebu ba, ba ta san Tamale ba,
hannun da bai ƙyamace ta ba kawai take tunawa.

Adashin Inna ya fito tun watan jiya.
Yana cikin gwangwanin madara a bayan gado,
kullum yana ramewa yadda sidi ke ramewa.
Kuɗin bana ba zai kai baɗi da ƙarfinsa ba,
ita ma bayanta haka.

Laraba na yi istihara, ban yi mafarkin komai ba.
Alhamis na tambayi kuɗin motar Tamale, don in sani dai.

Yau ga ni a banki a Adum,
gwangwanin a jaka, jakar a ƙirji.
An ba ni lamba arba'in da bakwai.
Allo na nuna arba'in da ɗaya.
Ƙofar fita na hannun hagu, na dube ta sau biyu.
Wata tsohuwa kusa da ni tana tari, tana tari,
na tsinci kaina ina ƙirga numfashinta.

Arba'in da biyu.