Littafin Haya

Ɗaki biyar da shago ɗaya a bayan Unguwar Mu'azu,
su ke nan abin da masaƙar Kakuri ta bar min
bayan shekara ashirin da shida ina shaƙar auduga.
Mutane suna ce min mai gida.
Ni dai na san gidan ne mai ni.

Littafin hayar yana ƙarƙashin matashi,
bangonsa ya yi laushi kamar tsohuwar ɗari biyu.
Ɗaki na ɗaya, Ɗantala direba, ya biya.
Na biyu, Malama Kande, wata uku ke nan,
albashi bai shigo ba, in ji ta,
ban kuma musa ba,
don na ga 'yarta ta daina fita sayen ƙosai da safe.
Na uku kuwa
ya sulale daren Laraba,
ya bar min makulli a kan taga, da rabin kwalbar manja,
da bashin wuta na wata bakwai.
Har ƙwan fitila sai da ya kwance.

Damina ta sauka, kwano ya fara magana.
Ɗigo ɗaya a kan katifar Bitrus tela,
ɗigo biyu a kan buhun masararsa,
ƙarfe biyun dare wayata ta yi kuka:
"Baba, gidanka yana yoyo."
Ran biya gidanmu ne, muna zaman amana,
ran yoyo gidana ne ni kaɗai.

Masai ya cika, mai mota ya ce dubu arba'in.
Siminti ya tashi tun kafin in gama tambayar kuɗinsa.
Birkila ya karɓi kafin alƙalami
ya tafi biki Zariya,
yau kwana goma sha ɗaya ana bikin.

Na taɓa sayen fili a hanyar Mando,
hamsin da ɗari, da shaidu, da sa hannu, da addu'a.
Ran da na kai bulo
na tarar da mutum biyu suna faɗa a kai,
kowa da takardarsa, duk hatimi ɗaya.
Muka tsaya mu uku muna kallon ciyawa,
ita kaɗai ce ba ta biya kowa ba.

Shi ya sa in na ga mota ta tsaya a bakin layi,
mutane sun fito da kwalkwali da gwangwanin jan fenti,
sai cikina ya ɗuri ruwa,
in shiga ɗaki in sake ƙirga takardu
kamar dare ɗaya zai rage min guda.

Shekarau dillali ya zo jiya, hula a karkace,
wai wani daga Abuja yana so,
zai rushe, ya ta da bene, shaguna sama da ƙasa.
Ya faɗi kuɗin a hankali, kamar mai ba da magani.
Ɗana ya ce, "Baba, sayar ka huta."
Na dubi bangon gabas,
inda marigayiya Asabe ta riƙe min igiyar awo
da ciki wata takwas,
har yau layin bulon ya ɗan karkace a wurin.
Wa zai sayi wannan karkacewar?
Nawa ne kuɗinta?

Na ce masa zan yi shawara.

Bayan isha'i Malama Kande ta yi sallama,
kuɗi a ƙulle a gefen mayafi,
wata ɗaya da rabi, ta ce sauran sai Allah ya kawo.
Na buɗe littafin, biro ya ƙi,
na hura masa, na goga a tafin hannu, ya kama.
Na rubuta wata biyu.

Gobe in Allah ya kai mu zan hau rufin da kaina,
da ƙusa shida da guntun kwano,
in dai Ɗantala ya dawo min da tsanina.