Gurbin Goro

Na je wurin Mumuni a Aboabo
da kwamfutar aro, cajarta ɗaure da roba.
Na ce ina so in gina wa babana shafi
mai nau'i na kansa, na goro zalla,
inda kowane huhu zai sami gurbi.

Bai ko buɗe ta ba.
Ya turo min kofin koko, ya ce:
Barikisu, da wane guzuri kika zo?

Kin taɓa dasa manhajar da hannunki,
ta rushe, ki tashe ta ba kuka?
Kin san baƙaƙen da ake rubuta shafi,
inda duk ƙofar da kika buɗe
sai kin dawo kin rufe ta?
Waƙafi mai ruwa guda ɗaya in ya ɓace,
allo zai yi fari fat kamar likkafani,
kuma ba wanda zai ce miki ga dalili.

Na ce na san kaɗan.
Ya ce kaɗan ɗin ma guzuri ne.
Rumbun bayanai fa, kin leƙa cikinsa?
Kina ajiye kwafi kafin ki taɓa?
Nan Kumasi ne, wuta ba ta sallama.

Wata biyu ina hawa turoturo,
ina hadda a kan cinya.
Sau uku na kashe shafin gwaji,
sau uku na fito da shi daga kabari.
Na koma ina taƙama.

Ya miƙo min takarda da biro:
To, mene ne goro?
Rubuta min gurabensa.

Na rubuta suna. Na rubuta farashi.
Biro ya tsaya.
Ni da aka yaye da kuɗin goro.

Sai ga ni a rumfar Baba, kan buhu,
kwana huɗu, bakina rufe.
Ashe akwai fari, akwai ja,
akwai daushe da ya shekara a ganyen fita,
marsa daban, minu daban,
na Tepa ba ya zama na Ofinso
ko da an haɗa su a kwando ɗaya.
Ranar da aka yayyafa ruwa, gurbi ce.
Ko sankara ta taɓa shi, gurbi ne.
Sidi nawa yau, ba jiya ba.
Takardata ta cika har gefe.

Da la'asar Baba ya ɓare guda
kusa da kunnensa, ya lumshe ido.
Ya ce wannan zai kai Agadas lafiya.
Na ce da me ka sani?
Ya ce ba ki ji ƙarar ba?

Mumuni ya karanta, ya gyaɗa kai,
ya ce yanzu buɗe kwamfutar.
Gurbi goma sha ɗaya muka gina daren nan.
Na sha biyun na sa masa suna Ƙara,
na bar shi fayau,
har ranar da kunnena zai koya.