Tazarar Yatsa Ɗaya

A Ferlach, inda dutse ke tare rana tun la'asar ba ta yi ba,
wani saurayi ya shigo shagonmu da dusar ƙanƙara a kafaɗa,
ya kwantar da doguwar jaka a kan benci.
Ya ce ta kakansa ce. Ya ce harsashinta ya ƙare
tun shekarar da aka binne mai ita.

Babana, Blasius Kropiunik, bai ga fuskar yaron ba,
yanar ido ta rufe masa gani shekara huɗu ke nan.
Amma da ya shafi ƙotar, ya bi bakunan biyu da yatsa,
sai ya yi dariya: "Tawa ce.
Ni na haɗa tagwayen nan, gashina yana baƙi."

Bindiga mai baki biyu ba ta cin kowane tuwo.
Ranar da aka ƙera ta aka yanka mata abincinta,
dalma kaza, albarushi kaza,
da shi kaɗai na dama da na hagu ke yarda
su kai saƙo gida ɗaya.
To, masu yin wancan albarushin sun daɗe da rufe ƙofa.
Gwangwaninsa na ƙarshe, ƙusoshi muke zubawa a ciki.

Sai aikin ya faɗo kaina.
"Mojca," in ji shi, "ɗauko littafin."
Littafin duk maiƙo, tawada ta koɗe,
kuɗin wani zamani ne, ba ya sayen komai yau.

Na wanke kwanson tagulla, na jera su kamar haƙora.
Na ɗaga kowanne gaban fitila, mai tsaga na jefar.
Na rufe taga, don ko numfashi yana ruɗa ma'auni.
Ƙwaya,
ƙwaya,
har allura ta tsaya cak.
Baba na bayan murhu, kunnensa a kan mazurari.
"Kin yi magana kina awo," ya ce. "Juye. Sake."

Asabar ta fari, a filin gwaji bayan coci,
na dama ya yi dama, na hagu ya yi hagu,
kamar 'yan'uwa bayan rabon gado.
Na ƙara kaɗan, yadda ake sa gishiri a miyar mara lafiya.
Asabar ta uku sai suka gitta juna,
kowa ya faɗa gonar ɗan'uwansa.
Kafaɗata ta yi shuɗi, ta koma ruwan ɗorawa.
Kunnena na kuka har cikin barci.

"Ba gardama take ba," in ji Baba, "tambaya take.
Gaggawa ke sa su gitta, nawa ke raba su.
Nemi tsakiya. Kuma kada ki ɗora wa ƙarfe abin da ya fi ƙarfinsa,
tsohuwa ce, ta girme ki."

Asabar ta bakwai, gajimare ya kwanta kan kogin Drau.
Harbi biyu.
Na taka cikin ƙanƙara na ciro takardar,
na miƙa masa ban ce uffan ba.
Ya cire safar hannu da haƙori.
Ya lalubo huda ɗaya. Ya lalubo ta biyu.
Yatsansa ya kwanta a tsakaninsu, daidai, babu saura.

Na ce a ba ni mako guda, in mai da su huda ɗaya.
Ya ce, "Na nemi wannan shekara arba'in.
Bar su haka. Kusa ya isa."

Saurayin ya dawo ran Litinin,
ya biya, ya karɓi ashirin a kwali.
Ya ce wataƙila a bango zai rataye ta,
shi ko zomo bai taɓa harbi ba.
Na haɗiye abin da ya zo mini baki.
Na rubuta awon a littafin,
ƙasan rubutun Baba, da alƙalamina.

Takardar kuwa ba mu ba shi ba.
Tana aljihun rigar Baba, ninki ya sa ta yi laushi.
Da dare, in na kashe fitilar shago,
nakan ji shi bayan murhu
yana warware ta a hankali.