Gulden Goma

Shagona na bayan tsohon coci a Semarang,
inda ruwan teku kan leƙo ta kwata da la'asar.
Shekara talatin ke nan
ina sayen kuɗin da ba ya sayen komai.

Yau Sumarni ta shigo,
gwangwanin biskit mai tsatsa a hammata.
Kakarta ta rasu ran Talata.
A ƙarƙashin zare da maɓallai
ga takarda ɗaya, ninki huɗu:
gulden goma, na zamanin Turawan Holan.

Na sa safar hannu, na ɗauko hantsaki,
na ɗaga ta saitin fitila.
'Yan rawa biyu, mace da namiji,
ninki ya raba su tun kafin a haife ni.
A baya, gargaɗi da rubutu iri huɗu
don kada mai jabu ya ce bai ji ba.

Kusurwa ta cinye.
Ga hudar allura, ga tabon man kwakwa,
ga ƙanshin kanumfari da ya ƙi fita.

Na ce, baiwar Allah, a kasuwarmu
takardar da ba ta taɓa gumin talaka ba
ita ce sarauniya.
Dubi 'yar'uwarta can cikin gilashi:
ta yi barcinta a aljihun teburin wani akawu,
ba ta auno shinkafa ba,
ba ta biya kuɗin ungozoma ba,
yau sai ta sayi babur.
Taki kuwa, in na yi ƙoƙari,
abincin rana biyu.

Ba ta yi fushi ba.
Ta ce, wata huɗu tsohuwa ta yi tana naɗin taba
kafin ta haɗa wannan.
Keken ɗinki take so.
Sai yaƙi ya zo, tuta ta sauka, wata ta hau,
ita ma ta sauka.
Keken dai da hannu ta ƙarasa shi,
ɗinki bayan ɗinki.

Sai ta miƙo yatsu tsirara
ta mai da takardar kan tsohon ninkinta.
Gabana ya faɗi,
sana'a ta ce in hana, bakina ya ƙi.

Ta rufe gwangwani, ta fita cikin yayyafi.
Na buɗe littafin ciniki,
na rubuta kwanan wata, na ajiye alƙalami.
Har na rufe shago
safar hannuna na ƙanshin kanumfari.