Ruwan Kalmen Anaruwa

A Jiratawa, ƙarƙashin tsohon rumbun da muka rushe bara,
na tsinci ruwan kalme, ba ƙota,
ya cinye har ya koma tafin hannun yaro.
Gwaggo Tune ta juya shi, ta shinshina,
ta ce, "Na Anaruwa ne. Zauna ƙasa."

Ta faro daga kakansa Barmo,
da ya baro ƙasar Katsina shekarar da gari ya watse.
Wasu takobi suka ɗauko, wasu tufafi,
shi gora guda ya rataya, cike da irin gero,
ya toshe bakinsa da tsumma da kashin shanu.
Matarsa ta bar dutsen niƙa, ta ƙulle ɗan dutsen a zane.
Kwana tara suna cin aduwa da magarya,
yunwa na ce masa buɗe gora,
yana ce mata gulbi ya kusa.

Sai Ƙosau ɗan Barmo, mai gajeren zance,
wanda ya sare kalgo da sabara har jigawa ta yarda.
Noman zamaninsu da ido biyu ake yi,
ɗaya a kunya, ɗaya a bakin daji,
baka da kwari rataye a reshen gawo,
yaro a kan kuka yana duban ƙurar doki.
Ranar da yaron ya yi gyangyaɗi,
an sami hauyar Ƙosau kwance a tsakiyar maimai,
da takalmi wari guda, da sawun kofato ya yi kudu.
Ba gawa, ba labari. Sai sunansa.

Marka na da ciki wata takwas.
Ta ƙarasa maimai da kanta,
ta haihu a bukkar gona, sama na zuba kamar da bakin ƙwarya.
Shi ya sa ake ce masa Anaruwa.
Cibiyarsa na binne inda dawa ke fin ko'ina tsawo,
in ba ka yarda ba, je ka auna da kanka
in kaka ta kusa.

Bai san fuskar uba ba, ya san ƙotar uba,
ta yi masa tsawo shekara biyar.
Ya auri Haƙama ƴar masu rini,
hannunta shuɗi har ranar da aka yi mata wanka.
Goma sha ɗaya ta haifa, huɗu suka zauna,
sauran ya ɗauke su ɗaiɗai a tabarma
zuwa bayan ganuwa, da hannunsa.

Shekarar fara, rana ta dushe da tsakar rana.
Kafin la'asar gona ta koma tsinke.
Aka jiƙa anza kwana uku a gulbi, aka ci,
aka ci tafasa, aka tatsi ƙwallon goruba.
Tukunyar iri na ƙarƙashin gadon Marka, an shafe da yumɓu.
Autansa na kuka, shi yana zaune a kan wurin,
bai tona ba. Gwaggo ta ce
har ya tsufa bai iya duban yaron sosai ba,
ko yaron na wasa.

Sau ɗaya ya nemi dubu.
An yi gayya, ganga ta kwana, aka ƙirga dami:
ɗari tara da saba'in da uku.
Maƙwabta suka ce, "Mu cika maka da dare, wa zai sani?"
Ya ce, "Rumbu zai sani."
Bai zama sarkin noma ba.
Ya sha furarsa, ya koma ɗaurin kara,
ya bar makaɗa suna neman wanda za su wasa.

Ya mutu da bazara, kwana biyu kafin ruwan shuka.
Suka rufe shi da safe, da yamma hadari ya haɗo,
jibi suka fita da sungumi, idonsu bai bushe ba.

Gwaggo ta miƙo mini ƙarfen, ta kakkaɓe zane.
Na ce zan rataye shi a ɗaki.
Ta ce, "Kai shi wurin maƙeri, yaro.
Har yanzu akwai lauje a jikinsa."